Safiyar Sallar da Na Ƙirga Shida

Ni ce nake kai yaran layinmu yawon sallah a Ruwais, kuma gara in faɗi gaskiya tun farko: ba tsabar son yara ba ne, son ganin ƙwaƙwaf ne. Shekara guda cur ƙofofin unguwar nan a rufe suke, sai safiyar ƙaramar sallah kowa yake buɗewa ya miƙo faranti cike da alawa. Ni kuwa ina bayan yara ina leƙen wace darduma aka shimfiɗa, wane turare aka kunna, wa ya sake labule. A nan Jidda aka haife ni, kakannina ne suka sauka a tashar jiragen ruwa da niyyar hajji suka zauna, amma har yau gidajen mutane ba su daina ba ni mamaki ba.

Iyaye sun yarda da ni saboda ba na wasa. Ba mai shiga ɗakin kowa. A bakin ƙofa ake tsayawa a yi barka da sallah, a karɓa, a yi godiya. Alawar da aka ɓare takardarta, jakata take shiga. In za mu tsallaka titi akwai igiyar shanya da kowa yake riƙewa, kuma tun a gida nake rubuta lambar wayata da biro a hannun kowane yaro. A kowace ƙofa sai na ƙirga kawuna. Na san suna kwaikwayona a bayan idona, ko a jikina.

A waccan shekarar su bakwai ne. Ta bakwai ɗin 'yar wata mata ce da ta taso daga unguwar Khumra ta kama ɗaki a saman gidanmu. Matar ta zo umra ne shekarun baya ta zauna, tana soya waina tana sayarwa. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama, 'yar da ta haifa a nan ma ba ta da takarda ko ɗaya. Shekarar yarinyar biyar, kuma na daɗe ina mamakinta: ɗakinsu a saman kaina yake, amma ban taɓa jin gudunta ko kukanta ba. Kwana uku na yi ina lallashin uwar ta bar min ita.

"Yaya, in ta ɓace fa?" in ji ta. "Kin san ba inda zan iya zuwa in ce tawa ce."

"Halas, ya isa, bar wannan maganar," na ce mata. "Shekara nawa ina wannan aiki? Ko takalmi ban taɓa ɓatarwa ba."

Da safe ta gyara mata ɗankwali sau uku kafin ta saka hannunta a nawa.

Gidajen farko lafiya lau. Yarinyar takan ɗauki alawa ɗaya tak, ta juya ta a tafin hannu, ta ɗago ta ce, "Khala, kyauta?" Khala, wato goggo, haka yaran suke kirana. Sai na lura ita ma leƙe take yi ta ƙarƙashin hammatar masu gida, daidai irin nawa. Na ji ta shiga raina, na ce yau na samu abokiyar sana'a.

Gida na huɗu bene ne mai hawa huɗu. A hawa na uku wani dattijo ɗan'uwanmu, haifaffen nan, ya buɗe mana. Gadi yake yi a wani sito, daga aiki ya wuce idi, bai ko cire kakinsa ba, ga ɗamara ga tarin makullai. Muryarsa kuwa ta cika benen.

"Ahlan, ahlan! Yalla, ku matso, kowa ya cika hannu!"

Yara suka yi masa caa. Ni kuma idona ya faɗa kan wani akwatin gilashi a falonsa, kifaye jajaye suna yawo a ciki, na tsaya ina tunanin yadda ake sauya musu ruwa. Da na dawo hayyacina na ƙirga kawuna. Shida. Na sake ƙirgawa ina taɓa kan kowa. Shida.

Na ƙwala kiran sunanta, yaran suka kama, suka bazu sama da ƙasa suna gudu suna ihu. Maƙwabta suka firfito. Na sauka titi na duba tsakanin motoci, na hau har rufin gidan, na dawo ban same ta ba. Dattijon ya zaro waya.

"Kar ki damu, 'yata, bari in kira 'yan sanda. Yanzu za su nemo ta."

Na sha gabansa. "Baba, don girman Allah dakata."

Ya dube ni kamar na taɓu. Ban iya yi masa bayani a gaban jama'a ba: in su suka same ta, tambayar farko ita ce 'yar wace ce, kuma uwar da za ta amsa ba ta isa ta fito ba. Na koma gefe na kira uwar, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zaci za ta fasa kuka. Sai ta tambaye ni a hankali.

"Yaya, akwai mai kaki a wurin?"

Na ce akwai.

"To ku daina kiranta. Muddin ana gudu a bene ana ihu ba za ta fito ba, ko da muryata ta ji. Haka na koya mata tun tana rarrafe. Ki sa kowa ya yi shiru. Ki buga makulli a jikin ƙarfe sau biyu, ki dakata, ki ƙara biyu. Ni da cokali nake buga mata a tukunyar gas."

A lokacin na gane dalilin da ya sa ban taɓa jin gudunta a saman kaina ba.

Na tara yaran na zaunar da su a matakala, na roƙi maƙwabta su yi shiru. Na ciro makullin gidanmu na buga a ƙarfen benen sau biyu, na dakata, na ƙara biyu.

A lungun da ke tsakanin hawa na biyu da na uku akwai wani kwalin injin wanki da aka jingine, wanda na wuce shi sau uku. Murfinsa ya ɗaga. Ta fito a hankali, gumi ya jiƙa sabuwar rigarta sharkaf, ledar alawarta a damƙe a ƙirji don kada ta yi ƙara. Na sauko na durƙusa a gabanta, hawaye ya ƙwace min. Ita ko ɗigo. Ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Khala, ki gaya wa Inna ban motsa ba." Sai ta ƙara rage murya. "Sun tafi?"

Na ɗaga kai. Daga inda take ba ta hangen dattijon, amma shi yana ganinta, kuma ya ji. Ya dubi kakin jikinsa. Ya sunkuya ya ajiye farantin alawar a kan matakala, ya dafe makullansa da hannu don kada su yi ƙara, ya ja da baya ya shige ɗakinsa ya tura ƙofa a hankali.

"Sun tafi," na ce mata.