Ranar da na amsa wa matata tambayar majo

Shekarun baya, ana tsakar cirar gyaɗa, ciwon ido ya kama matata. Kullum da safe sai an jiƙa tsumma da ruwan ɗumi an goge kwantsa kafin idon ya buɗe. Da abin ya kai kwana huɗu, na goya ta a babur daga ƙauyenmu, nan gefen Sassumbrum, zuwa likita.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya haska idon ya ce ƙwayoyin cuta ne, za a ba ta na ɗigawa. Sai ya dube ta ya ce, “Inna, akwai maganin da kika taɓa sha jininki ya ƙi shi?”

Kafin ta buɗe baki na ce, “Babu.” A wurinmu haka aka saba, in miji na tsaye shi ke magana da baƙon namiji. Kuma ni na yi aji shida a lakwal, wato makarantar boko, don haka na maimaita masa da Faransanci, ya san ba da jahili yake magana ba.

Ya ce, “Baba, ita na tambaya.”

Na ce, “Yaro, shekara ashirin da biyu muna tare. Wane ciwo gare ta da ban sani ba?” Ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya ɗan jira, bai ji komai ba, ya rubuta mana magani.

Da hannuna nake ɗiga mata, safe da rana da yamma. A kwana na biyu ta ce, “Malam, abin nan cina yake.” Na ce aiki yake yi, ta daure. A na uku fatar idon ta kumbura suntum, leɓɓanta suka tsage, ƙuraje suka feso mata har wuya. Yayarta ta zo dubiya, tana ganinta ta dafe ƙirji. Ta ce, “Irin wannan ne ya same ta tana budurwa, da aka ba ta wata farar ƙwaya ta gudawa! Kwana goma ta yi kwance. Ba ku gaya wa majo ba?”

Na juya wurin matata. Daga cikin mayafi ta ce, “Ka riga ka ce babu. In ƙaryata ka gaban mutane?”

A ranar muka shiga mota zuwa Magariya. Likitan can ya karɓi kwalbar, ya saurari yayarta, ya ce wannan na ɗigawa da waccan ƙwaya dangi ɗaya ne, kuma da an faɗa tun farko akwai wasu da za a zaɓa mata. Ya sauya magani, ya rubuta sunan wancan da jan biro a karnenta, wato ɗan littafinta na asibiti. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi. Idon dama ya warke sarai, na hagu kuwa har yau ba ya jure rana, kuma dishi-dishi take gani da shi.

Tun daga nan, in na kai ta likita bakina a rufe yake. Ban tsaya kan kaina ba ma. Ranar da na raka wani abokina da iyalinsa likita, na ji ya ɗauko tasa “babu”, na riƙe masa hannun riga na ce, “Jikinka ne? Bar ta ta faɗa.” Wata guda bai gaishe ni ba. A majalisa suka laƙaba mini mijin-ta-ce, yayana ya kira ni gefe ya ce ina zubar wa gidanmu girma.

Na ce masa, “Yaya, girman nan na gwada shi, na ga abin da ya saya mini.”

Su ci gaba da dariya, ba zan daina ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Mutum ɗaya ce ta cancanci in nemi gafararta, na nema, ta ce ta yafe tuni. Amma yafiya ba ta gyara ido. Duk ranar da za ta yi ɗinki sai ta miƙo mini allura da zare, ni kuma in zura mata.