Kwalbar da ke gindin randa

Inna ba ta taɓa gane aikina ba. "Likitan kusu" take ce mini, tana dariya, wai ta kai ɗa jami'a ya dawo mata da tarkon ɓera.

Gaskiyarta. Tun da aka saki ruwan dam ɗin Goronyo fadamun Wurno suka cika da shinkafa da albasa, ɓeraye kuma suka samu gari. Ana zargin fitsarinsu ke kawo wani zazzaɓi mai kwantar da masu ban-ruwa. Ni nake kama su, in ɗebi jininsu, in duba ko jikinsu ya taɓa yin garkuwar cutar. Ido ba ya ganin garkuwar nan sai da wani ruwa da muke kira monokulonal, wanda ba abin da yake kamawa sai garkuwar jinin ɓera. A ɗiga shi, in akwai ta, gwajin ya koma rawaya. Kwalbar ruwan ba ta kai ɗan yatsa ba, kuma zafi ajalinta ne. Wata bakwai ina jiran ta daga ƙasar waje.

Da ta iso na sa ta a kula, na danna ƙanƙara, na biya gida Wurno. Azumi ne, tsakiyar bazara, ba wuta. Na ajiye kular a ɗakin Inna na wuce wajen garin Rabah ɗana tarko, kwana biyu. Abin da na ce mata kawai, kayan aiki ne. Ban ce kar a buɗe ba. Wannan ganganci nawa ne, amma sai da na yi shekaru kafin na yarda.

A unguwarmu wanda ya samu ƙanƙara da azumi ba ya shan ta shi kaɗai, abin kunya ne. Inna ta ɗaga murfi ta ga arziki. Ta fasa, ta aika gidan liman, ta aika wa maƙwabciya mai jego, tsofaffin layi kowa ya samu ɗan ɓalli na buɗa-baki. Kwalbar kuwa ta goge ta tsaf, ta ɗora kan taga don kar ta jiƙe.

Na dawo na tarar da ita a rana. Ni dai da ma zuciya gare ni.

"Inna, mi kinka yi? Kin kashe ni! Jahilci dai bai yi ba."

A gaban ƙanwata na faɗa. Inna ta ci gaba da tankaɗen gero. Duk da haka na kai kwalbar ɗakin gwaji a Goronyo, na jaraba ta da jinin da na tabbata yana da garkuwar. Ko alamar rawaya. Na dawo na jefar da ita a tsakar gida, na kama hanyar Sakkwato. Binciken ya tsaya nan, ba a sake aiko da wata ba.

Na ci gaba da zuwa, da goro da atamfa, amma bakina ya ƙi furta a yafe mini. Kullum sai in ce sai zuwa na gaba. Ita ma ba ta ƙara kirana likitan kusu ba. In na ajiye jaka sai ta ce, "Ban taɓa maka komi ba." Wallahi gara ta zage ni.

Shekara uku bayan nan ta rasu, ina wajen aiki. Bayan sadakar bakwai ƙanwata ta ja ni gindin randa, ta tona yashin da ake jiƙawa don ruwa ya yi sanyi. Ga kwalbar nan, naɗe da tsumma, rubutunta duk ya goge. Ta ce safe da yamma Inna ke yayyafa mata ruwa, ko ran da take kwance sai ta sa an yi.

"Cewa take, a bar ta ta sha sanyi, ko Allah ya sa ta farfaɗo ka ci gaba da aikinka."