Lasifikar da nake kashewa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke rubuto muku na rayuwarsu, kullum ina cewa ni ma wata rana zan rubuta nawa. To yau dai na zauna. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba su na zo tuhuma ba.

A cikin shekarun 1980 ni ne mai sanarwa a kasuwar Illela. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya uku, da tsohuwata wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Ban iya noma ba, ciniki kuwa ko goro na kasa sai ya bushe a gabana. Abin da Allah ya ba ni murya ce, har abokai na tsokanata wai ko atishawa na yi sai an ce mini "yarhamukallahu" daga Ƙonni. Kayan sanarwar ba nawa ba ne. Na wani Alhaji ne, babban mai sayen albasa, wanda ya kafa su da kuɗinsa ya ce don amfanin jama'a. Ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya, da makirfo da batir, sai lasifika huɗu a kan dogayen itatuwa. Ɗaya tana bisa ɗakin, ɗaya a kara wajen shanu, ɗaya a bakin hanyar boda, ɗaya kuma a tasha inda manyan motocin 'yan Kudu ke tsayawa. Kowace da makunninta a jikin bango kusa da gwiwata. Gidan da nake ciki ma na Alhajin ne, bai taɓa karɓar ko kwabo a hannuna ba.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, tun da hantsi ake layi a tagata. Wanda akuyarsa ta ɓace, wanda ya tsinci jaka da sefa a ciki, direban da ke neman fasinja biyu ya tashi, kowa ya miƙo takardarsa ko ya faɗa mini da baki. A hankali abin ya zama al'ada, musamman ga baƙi masu sayen albasa daga Kudu. An sha cutarsu a baya, a karɓi kafin alƙalami a ɓace, don haka suka daina ciniki da duk wanda ba su ji an ambace shi a lasifika ba. In an ji ka a lasifika, kasuwa ta san da kai. In ba a ji ka ba, ko albasarka ta kai kan jariri girma, wuce ka za su yi. Ni kuwa ina jin daɗin wannan, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa kamar ni na gina kasuwar.

Ana nan sai wani dattijo daga Kalmalo, tsohon malamin gona da ya ajiye aiki, ya fara magana. Kowa Malam yake ce masa. Ya ce buhun da yaran Alhaji ke awo da shi ya fi na kowa faɗi, ga shi sai an cika an ɗora masa kai an ɗinke, amma kuɗin buhu ɗaya ake ba manomi. Kowa ya san haka, shi ne dai ya faɗa a fili. Bai tsaya ga magana ba, ya bi manoman bakin tafkin Kalmalo gida gida har suka yarda su tara albasarsu a hannunsa, ya kama rumfa can ƙarshen kasuwa, a sayar wa 'yan Kudu kai tsaye da buhu na gaskiya. Mutum wajen ashirin suka ba shi amanar noman raninsu na shekara. Abu ɗaya ya rage masa, baƙi su ji shi a lasifika.

Na zaci Alhaji zai ce kada in karɓi takardarsa. Ina ma haka ya yi, da kowa ya gani. Ya kira ni zaurensa, ya sa aka kawo mini fura, ya ce shi bai hana kowa magana ba, lasifika ta jama'a ce, in karɓi takardar Malam in karanta da muryata mai kyau. Sai dai batir na shan wahala, in zan karanta irin waɗannan dogayen sanarwoyi in riƙa kashe ta tasha. Ya faɗi haka yana duban farcensa. Na ce to. Wallahi ko daƙiƙa ban yi ba kafin in ce to.

Haka muka fara. Malam ya zo taga da takardarsa, rubutu tsaf irin na mutanen da, ya gaishe ni ya tambayi jikin tsohuwa. In kai gwiwa in danna makunnin tasha, in gyara murya in karanta cewa manoman Kalmalo na da albasa a rumfa kaza, buhu na gaskiya, babu dillali. Lasifikar da ke bisa kanmu ta ɗauka har kwanon ɗakin na rawa. Shi kuma yana tsaye ya rufe ido yana gyaɗa kai, in na gama ya sa mini albarka ya koma rumfarsa ya zauna jiran baƙi. Su kuwa suna can tasha ba su ji komai ba. Da na gama sai in mayar da makunni in shiga sanarwar Alhaji, wadda nake maimaitawa sau biyar kafin azahar.

Lahadi ta farko ya ce ai sabon abu ne. Ta biyu ya taka da kansa har tasha, ya ce wa baƙin ai sun ji an ambace shi. Suka ce ba su ji ba. Dillalan Alhaji na gefe suna dariya, suka ce musu ga irin mutanen da ake gaya muku. Ya dawo wurina gumi ya jiƙa masa riga, ya ce yana jin mutanen nan Hausa ce ba su ji sosai, ko zan taimaka in maimaita da Turanci. Shi da kansa ya rubuta mini Turancin. Na karanta, Hausa da Turanci, da makunni a kashe.

Sau ɗaya na gwada barin ta a kunne. A Lahadi ta uku ne, na ce a raina ai sai in ce mantuwa na yi. Kafin la'asar mota ɗaya ta loda a rumfar Malam, na hango manoman suna ta tafawa. Washegari Alhaji ya aiko in zo. Bai ɗaga murya ba, bai ma ambaci lasifika ba. Ya tambayi ƙafar tsohuwa, ya tambaya ko ɗakinta na yoyo, ya ce damina ta kusa, ga shi wani ɗan'uwansa zai dawo daga Sakkwato yana neman wurin zama, amma ya ce masa a dakata tukuna. Na fito na je gida na tarar tsohuwa na zaune a tabarma tana jan carbi, na tsaya ina tunanin inda zan kai ta in aka ce mu tashi. Na gaya wa maiɗakina, ta ce ita dai ba ta ce in cuci kowa ba, amma in dubi yaran nan. Ban sake mantuwa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a Lahadi ta biyar. Wani daga cikin manoman ya gaya wa Malam cewa ya wuni a tasha bai ji an ambace su ba. Malam ya zo taga, ba da faɗa ba, ya ce ɗana, mi ke faruwa da lasifikar tasha. Ga makunnin nan ƙasa da taga, da ya leƙo da ya gani. Na dube shi cikin ido na ce ƙarar manyan motoci ce ke danne ta, wayar kuma ta tsufa, wani lokaci tana yankewa. Ya ce to shi zai je can ya tsaya ya ji da kunnensa. Yana juya baya na mayar da takardarsa ƙasan sauran. Na yi ta karanta cigiyar awaki da ta jakuna har ladan ya kira azahar, lokacin da dole a kashe komai. Da ya dawo na ce layi ne ya yi yawa. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu ta gaba. Har haƙuri ya ba ni don ya ga raina a ɓace.

Albasa ba ta jiran mutum. Zafin bazara ya dafa ta a cikin buhuna, ruwan farko ya zo ya ƙarasa. Daga tagata nake jin warin in iska ta juyo. Manoman suka zo suka kwashe abin da ya saura, suka kai wa yaran Alhaji a kan yadda aka ga dama, sauran aka zubar a bayan kasuwa, ko awaki ba su kula ta ba. Na ji da kunnena wani yana ce wa Malam ya kai su ya baro, wani ya ce dama da bakin Alhaji aka shirya. Mutumin da in ya shigo taro ake tashi a ba shi wuri, ya koma in ya yi sallama sai a amsa ciki ciki. Wasu a shekarar sai da suka sayar da dabbobinsu kafin su ga kaka. Malam bai sake kama rumfa ba, bai sake maganar buhu ba, kuma ba wanda ya sake yi.

Na ƙara shekara shida a ɗakin nan, har tsohuwa ta rasu, har wasu suka kafa nasu lasifikokin aka daina layi a tagata. Kullum ina cewa zan je Kalmalo in faɗa masa. Na je sau ɗaya, da na ji ba shi da lafiya. Na same shi kwance a zaure ya rame, ba kowa wurinsa sai ƙaninsa. Na zauna na shirya maganata tun daga hanya. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya ce wa ƙanin nasa, "Ka ga wanga? Shi ɗai ya tsaya muna. Kowace Lahadi sai ya karanta, har da Turanci. Allah shi yi ma albarka, ɗana." Na ce amin. Abin da ya fito daga bakina ke nan. Bayan kwana tara aka aiko ya rasu.

Yanzu jikokina na gaya mini wai masu waɗannan dandali na waya haka suke yi, ba su hana ka magana, kai kana ganin abin da ka rubuta, amma in ka taɓa su ko ka zama abokin gasarsu sai su hana shi isa ga mutane. Suna mamaki, ni ba na yi. Abin da na koya shi ne mai kayan ba ya yin wannan da hannunsa, sai ya sami irina, mai iyali da tsoro, ya ba shi gida. Ina kira ga duk wanda maganarsa ke bi ta hannun wani kafin ta kai ga jama'a, kada jin muryarsa a kusa ya ishe shi, ya aika a jiyo masa daga nesa. Wanda kuma aka sa a bakin makunni, in ba zai iya ƙi ba, ya daure ya faɗa wa mutumin gaskiya tun yana da rai. Ni ban faɗa ba. Shekara kusan arba'in ke nan ina neman gafarar Allah, amma wanda ya kamata in roƙa ya tafi yana sa mini albarka.