Ajiyar Mutane a Kwamfutar Ƙanena

Ni na sayar wa ƙanena kwamfutar nan, kuma ban ɓoye masa komai a kanta ba. Ta hannu ce, wani direba ya sauko da ita daga Agadas, irin ƙananan nan marasa nauyi da cikinsu bai da faɗi. Na ce masa za ta yi aiki muddin bai cika mata ciki ba. Ya ce to. Tun muna yara duk abin da na faɗa masa to yake cewa, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama.

Sana'ata a kasuwar Tanut sayar da wayoyi ce, da farantan sola, da batura, da duk kayan lantarkin da na ga za su karɓu. Da tallar tocila a tire na fara. Shi kuma ya kafa teburinsa a bakin rumfata, yana zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Wannan aikin masu yinsa da yawa. Abin da ya ƙara shi ne saƙo. Makiyayan da ke shigowa ranar kasuwa daga wajen Tenhiya, Fulani da Abzinawa, da manoman Falanko, da wuya ka sami wanda bai da ɗa ko ƙane a Libiya ko Aljeriya, kuma a rugage da ƙauyukan da suke zaune babu rezo, wato waya ba ta kamawa. Sai mutum ya zauna gaban kwamfutar ya yi maganarsa, ƙanena ya ɗauka ya tura. In amsa ta zo ya adana ta har mai ita ya dawo, ya sa masa abin kunne ya saurara shi kaɗai. Ajiya suke kiran abin. Mutum zai ɗaure raƙuminsa ya zo ya ce, "Na zo duba ajiyata."

Bai taɓa goge ko ɗaya ba, na tafiya da na dawowa. Kwamfutar ta cika maƙil, ta yi nauyi. In ya kunna ta da safe sai na gama jera kayana kaf ba ta buɗe ba.

"Tsohuwar taka ta farka kuwa?" in ce masa.

"Bar ta, Yaya, alwala take yi."

"Kawo in wanke mata ciki, in mai da ita yadda ta fito daga kamfani. Aikin da nake yi wa baƙi kullum."

"In baban nan na Tenhiya ya zo neman muryar ɗansa, kai za ka yi masa ita?"

Ciwon da ya kama ƙanena bai daɗe ba. Muka kai shi asibiti a Damagaram, ni da matarsa. Kwana ɗaya kafin ya cika ya sami sauƙi da hantsi, har ya sha kunu. A nan ya kira ni, tana zaune a gefe.

"Yaya, ajiyar mutane. Wanda ya zo ka ba shi tasa. Wanda bai zo ba ka goge. Kada ka buɗe, kada ka kwafe. Akwai maganar da mutum ya yi wa ɗansa, in ta fita gida zai watse."

Na ce na ji. Ban ɗauki abin da nauyi ba a lokacin, hankalina na kan ruwan da ake ƙara masa.

Da aka raba gado kwamfutar ta faɗa hannun matar da yaransa. Mace ce mai kai. Tun tana cikin takaba ta aiko mini cewa in ta fita za ta ci gaba da zuba kati a cikin gida, saboda matan unguwa da ba sa zuwa teburin kasuwa, kuma ta koyi aikin a wajensa. Shawara ce mai kyau, da ni ne ma ita zan bayar. Sai dai ba wanda zai ci abinci da kwamfutar da ke ɗaukar rabin safiya kafin ta cika kati ɗaya. Dole a wanke ta.

Na sa mai shela ya zaga kasuwa mako bayan mako, wanda ke da ajiya wajen marigayi ya zo. Damina ce, makiyaya sun yi arewa da dabbobi. Wanda ya fara zuwa wani tsoho ne Ba'abzine. Ƙanena ba da sunan mutum yake jera ajiya ba, da sunan rijiyar da mutum ke shayarwa, don sunaye na maimaituwa. Tsohon ya faɗi rijiyarsa, na lalubo. Na miƙa masa abin kunne ya ture, ya ce kunnensa ya yi nauyi, in sake ta a fili. Na danna, muka zauna jira.

Abin da ya fara fitowa ba muryar tsohon ba ce.

"Matso kusa, baba. A'a, bar kallon gilashin, ba ya cizo. Yi maganarka kamar yana gabanka." Sai dariyar ƙanena, da kukan akuya a bayansa.

Na tashi na shiga cikin rumfa na tsaya tsakanin kwalaye har tsohon ya gama sauraron abinsa. A tsaye a wurin na lissafa. Hotunan ƙanena muna da su. Muryarsa ba mu da ita ko'ina. Ni da shi ba mu taɓa aika wa juna saƙon murya ba, tunda kafaɗa da kafaɗa muke wuni. Matarsa ƙaramar waya gare ta, ta kira kawai. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɗaukar muryar rabin mutanen yankinmu na Damargu, ba wanda ya taɓa cewa shi ma ya zauna a ɗauke shi. Abin da ya rage shi ne wannan ɗan guntun da ke gaban saƙon kowa, kafin ya yi shiru ya bar mai magana.

Na fito na roƙi tsohon ya bar ni in yanki farkon. Ya dube ni ta saman rawaninsa. "Ɗauki mana. Wannan ai ba tawa ba ce."

'Yan kaɗan suka ƙara zuwa, kowa na roƙe shi, ba wanda ya hana. Amma a wasu bai ce komai ba sai "To, bisimilla." Duk abin da na tara in an haɗa bai kai tsawon gaisuwar safe ba. Sauran kuwa suna nan jere, rijiya bayan rijiya, kuma na san halinsa: a ciki akwai inda yake tsokanar tsofaffin Fulani da karyayyen Fulatancinsa, akwai inda yake rarrashin mai kuka.

Kwafe su ba wani aiki ba ne a wajena. Kile nake sayarwa, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a kwashe kaya, akwai ɗaya sabo a aljihuna ranar da na je gidan marigayin. Na tsaya a zaure, matarsa ta zo bayan labule muka gaisa.

"Ba zan saurari maganar kowa ba," na ce mata. "Farkon kawai zan riƙa yankewa, saboda yaran nan. Ƙaramar ba za ta tuna muryarsa ba."

Ta matso jikin labulen.

"Yaya, ta yaya za ka san inda farkon ya ƙare in ba ka ji abin da ya biyo baya ba?"

"To in ajiye su a rufe, kada kowa ya taɓa."

"Kai ba za ka taɓa ba. In ba ka nan fa?" ta ce. "Kana tsammanin ni ba na so ne? A gabana ya faɗa maka."

Na yi mata sallama. Na fita da kilen a aljihuna yadda na shigo da shi.

Na ja lokaci iya yadda zan iya. Na ce a jira kaka, makiyaya su sauko. Suka sauko, wasu suka karɓi tasu, mafi yawa ba su zo ba. Ta fita takaba, ta aiko a kawo mata kayan aikinta. Na ɗauka na kai da kaina da safe, na zauna a tabarma a tsakar gidan, ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake. Na shiga wajen mai da kwamfuta sabuwa. Zaɓi biyu take bayarwa, a bar wa mutum kayansa ko a share duka. Na zaɓi duka. Ta sake tambayata ko na tabbata. Na ɗaga kai na dubi matar ƙanena, ba ta ɗago daga tiren ba, amma hannunta ya tsaya. Na danna.

Kafin azahar ta gama. Da na kunna ta, nan take ta buɗe, fes, ba ko rijiya ɗaya. Na zuba mata wa'azi da waƙoƙin da ake nema, na gwada kati, ya cika kafin in gyara zama. Aiki ya yi kyau, ba abin da zan ce.

Daga nan gida na wuce wajen mahaifiyarmu, wadda ke zaune a wurina tun da idonta ya raunana. Ban taɓa gaya mata zancen muryar ba, ina jira in tara da yawa tukuna. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ga wani abu." Na kara mata wayar a kunne. Ya ce a matso kusa, ya yi dariya, ya yi bisimilla, wayar ta yi shiru.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Inna."

Ta riƙe hannuna da wayar a jikin kunnenta.

"Sake sa shi."