Kan Sarkin da Na Ɓamɓare Daga Katin Kaka

Abin da zan faɗa ya haura shekara ashirin da biyar, don haka ba zan rantse cewa ƙwaƙwalwata ba ta yi masa ƙari ko ragi ba. Warin tsohuwar takarda ne ya dawo mini da shi, a wani ɗan shagon kayan tarihi a kasuwar Souq Waqif, a ƙasar Larabawan da nake zaune, a kwanakin gasar cin kofin duniya. Waje ya cika da ganguna da tutoci, ni kuwa ina jin warin adakar Kaka.

Da damina take buɗe adakar, ranar da rana ta fito, ta shanya zannuwanta. A can ƙasa akwai wani katin gidan waya mai hoton sojoji a jere, da jar dara, ƙafa ba takalmi. Takan ɗora yatsa a kan na uku daga hagu ta ce, "Ga ubana nan. Jamus ya yaƙa a Kamaru." Baturen da ya shugabance su ne, in ji ta, ya aiko masa da katin.

Ba a banza take nanata Jamus ba. Akwai wani tsoho a unguwarmu da kan tsokane mu da "jikokin masu fasa ganuwa", yana nufin uban Kaka na cikin waɗanda suka taya Turawa cin garuruwanmu.

A makarantar firamare an yi yayin tara kan sarki. Wata rana, Kaka tana murza gyaɗa a bayan ɗaki, na jiƙa yatsa da miyau na ɓamɓare na jikin katin. Ya taho da hatimin gidan waya gaba ɗaya. Na ba wani ɗan ajinmu, ya ba ni goriba biyu.

Lokacin kullen korona, ina zaune ni kaɗai a ɗakina a unguwar Old Airport, na fara sayen irin waɗannan katuna ta intanet, ina koyon gane shekarunsu: ko an raba bayan katin da layi, da irin takardar, da kayan sojojin. Da Baffa, yayan mahaifina, ya ji labari, sai ya aiko mini da katin Kaka, wadda ta daɗe da rasuwa. Ya ce, "Kai da ka yi boko, gano mana shekarar."

Katin na kai wa mai shagon nan na Souq Waqif, wani dattijo mai tabarau. Ya juya shi ya ce layin baya bai isa hujja ba. Kan sarkin ne zai taimaka. In hoton sarkin Turawa mai sanƙo ne a jikinsa, an aiko katin kafin yaƙin Jamus, kusa da zamanin fasa ganuwa ke nan. In mai gashi ne, zancen Kaka na iya tsayawa, ko da yake ba tabbas ba ne. Ya shafa gurbin ya ce, "Khalas, shi ke nan, wanda ya cire wannan ya cire shekarar."

Na kwana uku kafin na kira Baffa na gaya masa ni ne.

Ya yi 'yar dariya. "Ai tun ranar muka sani, sarkin ɓarna. Ita ta hana a taɓa ka. To, wane sarki ka gani?"

"Baffa, ina jin mai gashi ne."

"Kana ji, ko ka gani?"

Ina tuna kan sarkin ja ne, ina tuna gemu, amma sarakunan dukansu biyu masu gemu ne. Gashin kuwa, ina tsoron son raina ne ya shuka shi.

Yanzu yara ba sa tara kan sarki, kuma waɗanda suka san maganar sun kusa ƙarewa. Shi ya sa nake roƙo. Duk wanda ya taɓa ganin katin nan kafin na taɓa shi, ya gyara mini inda na kuskure. Kai kuma ɗan ajinmu mai goriba, in kana raye kuma ka tuna, ka gaya mini abin da ka gani, ko da mai sanƙon ne. Baffa ya haura tamanin, kuma yana jira.