Ledojin Ya Meram

Duk abin da za a faɗa a kan mu ƴan kasuwar tattasai ta Diffa, ba za a ce ba mu iya makoki ba. Kafin a gama wankan gawa mun kafa rumfa, mun share ƙofar gida, mun baza rairayi mai laushi. Haka muka yi miki, Ya Meram, ranar Talata 4 ga Maris, da labari ya iso cewa Allah ya karɓi abinsa a sansanin Assaga. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kin zo daga ƙauyen Baroua a shekarar gudun hijira, ke da ƴarki Kubra. Kika kafa pepiniya, wato wurin renon dashe, a bayan bukkarki, kina ɗebo ruwa daga kogin Komadugu. Dashen tattasanki bai taɓa ba manomi kunya ba, kuma wanda ya zo hannu wofi, da kwandon dashe yake komawa. Ni kaina, lokacin da ambaliya ta cinye gonar ƙanena, ke kika tayar da shi, kika hana a yi maganar.

Amma akwai wani layin ledojin shuka da ba na sayarwa ba. Albasar kwaɗi ce, farin furen nan da ke fitowa a daji bayan ruwan farko. Da kika leƙa Baroua sau ɗaya, kika ɗauro ƴaƴanta a bakin zane daga bayan kangon gidanku, kika shuka. Kin ce sai ta yi shekaru kafin ta yi fure, kuma ranar komawa gida da ita za ki koma. Na tambaye ki ko ana miya da ita. Kika ce, “Kai Alhaji, abin da ba ya shiga buhu ba ka ganinsa.”

Da rani ganyenta bushewa yake, leda ta zama kamar ba komai cikinta sai ƙasa. Ranar rasuwarki rairayi ya gaza mana, baƙi kuwa suna ta isowa. Gajere, abokin cinikina, ya hango ledojin ya ce ga rairayi a banza. Ba wanda ya tambayi matan cikin gida. Muka zazzage su kaf a ƙofar gida, har ni, muka shimfiɗa tabarmi. A kansu muka zauna har sadakar uku, muna shan shayi, muna yabon halinki.

Da aka naɗe tabarmi, Kubra ta fito, ta dubi wurin. Ba ta zage mu ba. Ta ɗauko rariya ta durƙusa tana tankaɗe ƙasar cikin rana. Yawancin ƴan albasar sun murƙushe, sun bushe. Waɗanda suka tsira ba su cika tafin hannunta ba. Muka tsaya kanta, manyan mutane da rawuna, kowa yana duban takalminsa.

Allah ya jiƙanki, Ya Meram, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Kubra da dangin Baroua haƙuri, na rashinki da na ɓarnarmu.

Jiya Gajere ya aika mata cewa za mu zo gyaran gida kafin sadakar arba'in. Har yanzu ba ta amsa ba. To, cikinmu wa zai fara ɗaukar tsintsiya?