Rigar Saman Sulke

Ni dai ban taɓa ganin mutum mai ɗora wa kansa wahala irin Baban yara ba. Ya haura hamsin, injiniya guda a kamfanin gas, furfura har gemu, amma da sanyi ya shigo Doha, duk Juma'a da la'asar sai ya loda jaka a mota ya nufi wani fili bayan garin Al Wakrah. Can yake haɗuwa da abokansa, Turawa da Indiyawa da wasu, su yi ta jibgar juna da takubban gora, wai suna kwaikwayon yaƙin mutanen da. Ya dawo da shatin duka a cinya yana dariya, ni ce da dafa ruwan gashi.

Bara sai zuciyarsa ta tashi kayar da shi. A wurin aiki ya yanke jiki ya faɗi, aka sa masa ɗan bututu a jijiya, muka yi zaman asibiti har na gaji da kallon farin bango. Jakar yaƙin na tura ta ƙarƙashin gado na ce khalas, an gama. Ashe ni kaɗai na gama. Da likita ya ce zai iya motsa jiki a hankali, "motsa jiki" kawai mutumin nan ya ji, "a hankali" ta bi iska.

Dokar ƙungiyarsu ita ce kowa ya sa abin kariya, amma kada a gan shi. Sulken nasa roba ce mai tauri irin ta masu tseren babur, ƙirji da baya da kafaɗu. Tunda mutanen da ba su san roba ba, dole a rufe ta da riga. Tsohuwar rigar kuwa tuni na yayyanka ta na yi tsumman kicin.

Wata Asabar da hantsi ya shigo falonmu a unguwar Old Airport da leda, ya ajiye a kan keken ɗinkina.

"Hajiya, taimako za ki yi mini. Ba wani ɗinki ba ne. Ninka shi biyu za ki yi, ki huda wuya a tsakiya, gefe a bar shi a buɗe, ba hannu ba komai. Sai ɗan ƙyalle na ɗaurawa."

Farin yadi ne fes. Ya sa sulken na auna shi a kai, tunda awon jiki ba zai yi ba. Na shimfiɗa yadin a ƙasa, na ninka, na ɗora almakashi a tsakiya. Nan na tsaya cak.

Na taɓa yin wannan yankan. Ranar da mahaifina ya rasu a Haɗeja, ni ce tela a gidan, ni aka miƙo wa almakashi. Farin yadi, ninki biyu, hudar wuya, ba hannu.

"Baban yara," na ce, "ka san abin da ka ce in yanka maka kuwa?"

Ya dubi yadin ya daɗe. Na ga lokacin da ya gane.

"Haba Hajiya. Kowa da ranarsa."

"Na sani. Amma ba da almakashina ba. Wallahi na gaji. Tsoro nake ji, kullum cikin tsoro nake, kai kuma ka kawo mini likkafani a leda kana murmushi!"

Ya zauna a kujera da sulken a jikinsa, wuya ya shige ciki kamar kunkuru. Ya ce tun da ya tashi daga ciwon nan kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai, a ofis da gida duka. Ya ce a filin can ne kaɗai mutum zai maka masa gora tsakani da Allah, ya ɗauke shi a mai rai.

Hana shi ba zan iya ba, kuma ban tabbata hanawar ce za ta bar mini shi ba.

Na ɗinka, amma ba yadda ya ce ba. Na sayo shuɗin yadi na bi bakin rigar da shi. Na haɗe gefe, na sa mata hannu mai faɗi yadda kafaɗun roba za su shige, na yi mata kalmasa sama da ƙasa. Bayana har ciwo yake, ina taka keke ina mita ni kaɗai.

Ranar Juma'a ya gwada ta a gaban madubi. Sulken ya ɓace ɓat, ya fito da ƙirji kamar saurayi. Sai hannunsa ya faɗa wani wuri a gefe.

"A'a, Hajiya, wannan fa? Rigar mayaƙa ba a yi mata aljihu. Yau na shiga uku da tsiyar mutanen nan."

"Likkafani ne ba a yi wa aljihu," na ce. "Wannan riga ce."

Na ɗauko ƙwayar da likita ya ce ya sa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe, na jefa a ciki, na rufe maɓallin aljihun da hannuna. Ya ɗauki jaka ya fita, ni kuma na jawo waya kusa da ni na zauna.